Kwabo Ɗaya da Kan Sarki: Wasiƙa a Hannun Masanan Zamanin Biktoriya

Tun ranar 2 ga Oktoba 1836 da Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya sauko daga jirgin ruwan Beagle, bayan ya shafe kusan shekara 5 yana zaga duniya, bai ƙara sa ƙafa a wata ƙasar waje ba har ya mutu a 1882. A 1842 ya kwashi iyalinsa ya tare a ƙauyen Downe da ke yankin Kent, kudu da Landan, inda laulayi ya kusa ɗaure shi wuri ɗaya: yau amai, gobe jiri, jibi ciwon ciki. Amma ka buɗe littattafan da ya rubuta a gidan nan ka sha mamaki. Ga tantabarun Farisa, ga kajin Indiya, ga furannin dajin Barazil, ga bayanin yadda mutanen kudancin Afirka ke yi da fuska in ransu ya ɓaci. Mutumin da ko liyafar masana a Landan gudunta yake yi, ta ina duk wannan ya iske shi? Ta jakar ma'aikacin gidan waya.

A 1974 wani masani Ba'amurke, Frederick Burkhardt, ya soma tattara duk wasiƙar da Darwin ya aika da wadda aka aiko masa. Aikin ya zauna a ɗakin karatu na Jami'ar Cambridge, bai kammala ba sai ƙarshen 2022, juzu'i 30 cif. Abin da aka samu ya haura wasiƙa 15,000, tsakaninsa da mutum wajen 2,000. Wanda ya tsira ke nan fa.

Duk wanda ya ɗauka wasiƙun nan gaishe-gaishe ne da hirar da masana ke yi bayan sun tashi daga aiki, bai fahimci zamanin Sarauniya Biktoriya ba, wato 1837 zuwa 1901. A lokacin, rubuta wasiƙa shi kansa aikin kimiyya ne. Da ita ake tambaya, da ita ake karɓo samfurin tsiro da na dabba, a cikinta ake gwada ra'ayi kafin a fito da shi fili, kuma ita ake ɗaukowa shaida in an yi gardamar wanda ya riga wani. Tunda kuwa kowace wasiƙa tana da inda ta taso da inda ta nufa, ita ce ta riƙa raba wanda zai yi suna da wanda zai ƙare a ɗan aike. Ko mutum ya yarda da ra'ayin Darwin kan sauyawar halittu ko bai yarda ba, wannan wata magana ce daban. Tsohon malaminsa ma, Adam Sedgwick, rubuto masa ya yi a 1859 cewa ya karanta littafinsa kan batun, On the Origin of Species, da takaici fiye da jin daɗi. Abin dubawa a nan shi ne yadda ilimi ya riƙa tafiya, da hannun da yake faɗawa.

Kafin 1840, aika wasiƙa a Birtaniya sai mai hali. Kuɗin ya danganta da nisan tafiya da yawan fallayen takarda, kuma galibi wanda aka aika wa ne ke biya. Falle ɗaya daga Landan zuwa Edinburgh ya fi sule guda, abin da ya kusa cinye ladan yini na leburan gona. Shi ya sa mutane suka ƙware a dabara. Wani ya cika falle da rubutu, sannan ya juya shi a gicciye ya sake bi ta kan na farko, mai karatu ya yi ta fama. Ambulan ba a cika amfani da shi ba, don a falle na biyu ake lissafa shi, sai dai a ninke takardar a liƙe da kakin hatimi. Talaka ya yi wata 'yar alama a bayan takardar, ɗan'uwansa ya karɓa ya duba, ya gane kowa lafiya, ya miƙa wa ma'aikacin abinsa ya ce ba shi da kuɗin biya. 'Yan majalisa kuwa kyauta suke aikawa, don haka wanda ya san ɗan majalisa sai ya kai masa tasa ya sa mata hannu.

Wani tsohon malamin makaranta, Rowland Hill, shi ya zauna ya yi lissafi a ƙasidar da ya fitar a 1837. Ya gano cewa ainihin kuɗin ɗaukar wasiƙa daga gari zuwa gari bai taka kara ya karya ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne ƙidayar fallaye, da auna nisa, da tsayuwa ƙofa-ƙofa ana jiran a biya. Ya ce a mayar da kuɗin ɗaya ko ina za ta je, mai aikawa ya biya tun farko. Ranar 10 ga Janairu 1840 aka soma: kwabo ɗaya ga wasiƙar da ba ta wuce rabin oza ba, ko ina a ƙasar. A watan Mayu kan sarki na farko a duniya ya fito, baƙi, da hoton sarauniya. A 1839 wasiƙa wajen miliyan 76 aka aika. A 1840 ta ninka har da ɗori, zuwa 1850 kuwa ta doshi miliyan 350.

Jirgin ƙasa ya zo ya ƙara wa abin gudu, don tun 1838 ake tantance wasiƙu a cikin tarago jirgi na tafiya. Daga baya a Landan ta kai ana raba wasiƙa har sau 12 a rana, mutum ya yi tambaya da safe, ya sami amsa da rana, ya mayar da martani kafin dare. Ta waje kuma jiragen ruwa masu tururi ke ɗauka. Kafin a buɗe mashigin Suwez a 1869, jakunkunan Indiya da gabas mai nisa a Iskandariya ake sauke su, a ratsa Masar da su ta ƙasa, a sake lodawa a Bahar Maliya. Duk inda Birtaniya ta kafa tuta akwai jakada, ko likitan soja, ko ɗan mishan, ko mai gonar shayi, kuma kowannensu ana iya rubuta masa.

To, a tsakiyar wannan saƙa Darwin ya zauna. Ɗansa Francis ya ba da labarin yininsa: da ƙarfe tara da rabi na safe zai fito falo ya duba abin da aka kawo, bayan abincin rana kuma ya zauna a wata babbar kujera kusa da murhu, ya ɗora allo a kan hannuwanta, ya yi ta ba da amsa. In wasiƙun sun yi yawa ko jiki ya ƙi, sai ya riƙa faɗa matarsa Emma ko ɗaya daga 'ya'yansa na rubutawa. Zamansa ya yi kama da na mai masaukin fatake a Kano ta da: shi ba ya bin ayari, amma kayan kowace hanya da labarinta a zaurensa suke sauka, kuma shi kaɗai ke ganin na gabas da na yamma a jere.

Misalin tantabara ya isa ya nuna yadda yake aiki. Yana son ya nuna cewa duk nau'o'in tantabarar gida, komai bambancin kamanninsu, daga tantabarar dutse guda suka fito, don in kiwon ɗan'adam ya iya kawo irin wannan bambanci, to yanayi ma zai iya in an ba shi lokaci. A Disamba 1855 ya zauna ya rubuta wa mutane a sassan duniya yana roƙon fatun tantabaru da kaji. Jakadan Birtaniya a Farisa, Charles Murray, ya aiko. Walter Elliot ya aiko daga Madras, James Brooke daga tsibirin Borneo, wani likitan soja, William Daniell, daga Saliyo. Edward Blyth, mai kula da gidan adana kayan tarihi a Kalkata, shafi-shafi ya riƙa turo masa kan dabbobin gida na Indiya. A gida kuma Darwin ya shiga ƙungiyoyin masu kiwon tantabara na Landan, ya ƙulla da William Tegetmeier, marubuci kan kaji da tantabaru, suka shafe shekara fiye da 20 suna musayar takarda. Tun kafin nan, a shekara 8 da ya yi yana nazarin ƙananan halittun nan masu mannewa a gindin jirgin ruwa da duwatsun teku, har tsohon yaronsa na kan Beagle, Syms Covington, wanda ya koma Ostareliya, sai da ya rubuta wa ya je bakin teku ya ɓamɓaro masa.

Kuma mutumin ya iya roƙo. Zai fara da ba da haƙurin damun mutum, ya yabi iliminsa, ya ce shi jahili ne a wannan fanni, sannan ya jero tambayoyi biyar ko shida masu cin mako guda kafin a amsa. Tawali'un na gaske ne, ina ganin, amma dabara ce kuma, ya san tana ci. In amsa ta zo, sau da yawa almakashi yake sa mata, ya yanke wurin da yake so ya jefa a jakar takardun da ta dace da babin da yake rubutu. A wajensa wasiƙa ɗanyen kaya ce.

Akwai wata matsala da dole a warware kafin duk wannan ya yi amfani: yaya za ka gaskata mutumin da ba ka taɓa gani ba? Darwin da Fritz Müller, Bajamushen da ya yi ƙaura zuwa kudancin Barazil, sun yi shekara 17 suna rubuta wa juna, ba su taɓa haɗuwa ba. Abin da ya riƙe amana shi ne ladabin wasiƙa. Baƙo ba ya faɗo wa babba haka kawai, sai da takardar gabatarwa daga wanda aka sani, ko da wata kyauta ta samfuri, ko da gyaran wani kuskure cikin ladabi. Yadda aka buɗe wasiƙa da yadda aka rufe ta suna faɗin matsayin kowa. Darwin ya fara rubuta wa matashin masanin tsirrai Joseph Hooker a ƙarshen 1843 da irin gaisuwar da ake yi wa baƙo mai daraja. A Fabrairu 1844 ya ajiye ta ya kira shi da sunansa kai tsaye, har yana neman afuwar wannan sakin jiki, yana cewa tunda dukansu sun zaga duniya a jirgi kuma aiki ɗaya suke yi, a rage tsohon tsari. Makonni kaɗan kafin nan, ranar 11 ga Janairu, ya riga ya gaya wa Hooker abin da yake ɓoyewa, cewa ya kusa tabbatarwa nau'o'in halitta suna sauyawa, ya ce faɗin hakan ji yake kamar mai amsa laifin kisan kai. Shekara 15 kafin littafin ya fito ke nan. Wasiƙun da suka shiga tsakaninsu sun kai wajen 1,400, a ciki Hooker ya riƙa yi masa gardamar da ba zai iya yi masa a bainar jama'a ba.

Sai dai kada a ɗauka wasiƙar lokacin sirri ce kamar yadda muke ɗaukar saƙon waya. Ana miƙa ta hannu zuwa hannu, ana kwafe wani sashe a tura wa na uku, ana karanta ta a taron ƙungiyar masana. Darwin yana can kan tafiyar Beagle malaminsa John Henslow, wanda shi ne ma ya rubuto masa labarin gurbin Beagle a Agusta 1831, ya tsinci wasu sassa na wasiƙunsa ya karanta wa masanan Cambridge a 1835, ya kuma buga su a ɗan littafi. Da labari ya iske Darwin sai da gabansa ya faɗi, don bai rubuta su da niyyar bugawa ba. Amma kafin ya dawo gida sunansa ya riga shi isowa.

Ba masu nazarin halittu kaɗai ba. Urbain Le Verrier ya yi lissafi a Faris cewa akwai wata duniya bayan Uranus, ya rubuta wa Johann Galle a Berlin inda zai saita madubin hangen nesa. Wasiƙar ta isa ranar 23 ga Satumba 1846, a daren aka ga Neptune. A Ingila kuwa John Couch Adams ya yi irin wannan lissafin, amma da babban masanin taurari na gwamnati, George Airy, ya rubuto masa tambaya a Nuwamba 1845, bai ba da amsa ba, maganar ta kwanta. Akwai wata ƙa'idar lissafi da ɗaliban injiniya ke karantawa yau da sunan Stokes. A ƙasan wata wasiƙa da William Thomson ya aika wa George Stokes a Yuli 1850 ta fara bayyana, Stokes ya sa ta a jarrabawar Cambridge ta 1854, suna ya bi shi. Da katin gidan waya na rabin kwabo ya fito a 1870, James Clerk Maxwell da Peter Tait suka mayar da shi allon lissafi, suna cika shi da alamomi da barkwancin da su kaɗai ke ganewa.

Amma babu inda ƙarfin wasiƙa da rashin adalcinta suka fito tare kamar a 1858.

Alfred Russel Wallace ba ɗan masu kuɗi ba ne. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 14, ya yi aikin awon ƙasa, daga baya ya koma kama tsuntsaye da ƙwari a tsibiran da yau ake kira Indonesiya da Malesiya, yana aikawa Landan ana sayarwa ya ci abinci. A Fabrairu 1858, zazzaɓin cizon sauro na kaɗa shi, tunani ya zo masa kan yadda nau'in halitta ke sauyawa: ana haihuwa fiye da abin da abinci zai ɗauka, waɗanda suka fi dacewa da wurin su ke rayuwa su hayayyafa. Ya rubuta shi a 'yan shafuka, ya aika daga tsibirin Ternate zuwa ga mutumin da ya san yana sha'awar batun, wato Darwin, yana roƙon in ya ga da amfani ya nuna wa Charles Lyell, babban masanin duwatsu. Bai ce a buga ba. Takardar ta bi ta Batavia (Jakarta ta yau), da Singafo, da Silon (Sri Lanka ta yau), da Adan, ta ratsa Masar, ta iso Downe.

Darwin ya shekara 20 yana tara hujja kan wannan ra'ayi bai buga ba. Wasiƙar da ya rubuta wa Lyell, mai kwanan watan 18 ga Yuni, ta mutum ce da ƙasa ta zame masa. Ya ce gargaɗin da Lyell ya yi masa cewa za a riga shi ya tabbata, ya ce ko da Wallace ya ga rubutun da shi Darwin ya yi kan ra'ayin a 1842 ba zai taƙaita shi fiye da haka ba, ya ce duk abin da zai yi taƙama da shi na cewa shi ya fara ya rushe. Bayan mako guda ya sake rubutawa cewa gara ya ƙone littafinsa gaba ɗaya da a ce ya yi wa Wallace ƙaranta. Amma a wasiƙar dai ya tuna wa Lyell cewa Hooker ya karanta rubutunsa na 1844, kuma yana da kwafin wasiƙar da ya aika wa Asa Gray na Jami'ar Harvard da ke Amurka ranar 5 ga Satumba 1857, wadda a ciki ya zayyana ra'ayin. Mai hankali ya san abin da ake nufi da irin wannan tunatarwa.

Lyell da Hooker suka ɗauki maganar. Ranar 1 ga Yuli 1858 aka karanta takardu uku a taron Ƙungiyar Linnean ta masu nazarin halittu a Landan: wani sashe na rubutun Darwin na 1844, sai wasiƙarsa ga Gray, sannan maƙalar Wallace a ƙarshe. Darwin bai halarta ba, ƙaramin ɗansa ya mutu da zazzaɓi kwana uku kafin nan. Wallace kuwa yana New Guinea, bai ma san ana yi ba. Wasiƙa ce ta kawo barazanar, wasiƙa kuma aka ɗauko ta kare Darwin, domin kwanan watan da ke kanta, da kasancewar tana hannun wani mutum a wata nahiya, su ne shaidar da ba a iya ƙaryatawa.

An yi wa Wallace adalci? Ba a sace masa ba, an buga maƙalarsa cikakkiya da sunansa, shi kansa ya rubuto wa Hooker godiya, har ya mutu bai nuna ƙyashi ba, littafinsa na 1889 ma da sunan Darwin ya laƙaba masa. Darwin kuma ya tsaya har gwamnati ta yanka masa fansho na fam 200 a shekara a 1881. Duk da haka, a ganina, abin da ya yanke hukunci nisa ne. Mutum uku da ke iya musayar wasiƙa cikin kwana ɗaya sun shirya komai cikin mako biyu, na huɗun da abin ya shafa kuwa, a tambaye shi a ji amsarsa sai an yi wata biyar ko fiye. Kafin Wallace ya dawo Ingila a 1862, On the Origin of Species ya fito tun 24 ga Nuwamba 1859, duniya ta riga ta san sunan da za ta kira.

Wallace ma ai yana cikin masu sa'a, don yana rubutu ana karantawa. A ƙasa da shi akwai matakai. John Scott ma'aikacin lambu ne a Edinburgh, ya rubuto wa Darwin a 1862 yana gyara masa wani bayani kan furanni. Darwin ya ga kaifin basirarsa, ya riƙa ba shi gwaje-gwaje, ya gyara masa maƙala ya miƙa wa Ƙungiyar Linnean, da zama ya ƙi masa a wurin aiki kuma ya taimaka da kuɗin jirgi zuwa Indiya, inda ya zama mai kula da lambun tsirrai na Kalkata. Alheri ne, amma alherin ubangida ga yaronsa. Mata kuwa wasiƙa ce kusan ƙofarsu ɗaya, tunda Ƙungiyar Linnean ba ta karɓi mace ba sai farkon ƙarni na 20, babbar ƙungiyar masana ta Royal Society kuwa sai 1945. Mary Treat, daga New Jersey a Amurka, ta yi ta lura da tsirran da ke kama ƙwari, ta saɓa wa Darwin kan yadda tarkon ɗaya daga cikinsu ke aiki, shi kuma ya ambace ta a littafinsa na 1875.

A lambun tsirrai na Kew da ke gefen Landan, inda Hooker ya gaji mahaifinsa a shugabanci a 1865, tsarin ya fi fitowa ƙarara. Masu tattara tsirrai a ƙasashen da aka mallaka su aiko, Kew ta raɗa suna. William Colenso, ɗan mishan a New Zealand, ya aika samfuri masu ɗimbin yawa, yana ganin da yawansu sababbin nau'i ne, Hooker yana ce masa a'a, iri ɗaya ne da ya ɗan sauya kama. Hooker na da hujja, don shi ke da busassun tsirran duniya a jere yana gwadawa. Colenso ma na da tasa, don shi ke ganin tsiron a raye, kuma yana jin sunayen da Maori, mutanen asali na ƙasar, suka ba kowanne. Wanda ke zaune inda wasiƙu ke haɗuwa shi ya yi rinjaye.

Daga nan sai waɗanda ba su riƙe alƙalamin ba sam. Cikin samfuri 125,660 da Wallace ya tara, tsuntsaye da yawa wani matashi Bamalaye mai suna Ali ne ya harbo su ya feɗe. A 1867 Darwin ya rarraba jerin tambayoyi kan yadda mutanen ƙasashe dabam-dabam ke nuna fushi da kunya da mamaki a fuska. Amsa 36 ya samu, kusan duka daga Turawa masu kallon wasu. Ɗaya daga 'yan kaɗan da suka fita daban ita ce ta Christian Gaika, ɗan'uwan Sarki Sandile na ƙabilar Xhosa a kudancin Afirka, wanda ya rubuta da Turanci yadda mutanensa ke yi.

Saƙar nan ta taɓo ƙasar Hausa ma. Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Birtaniya ta aiko, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya shiga Kano a Fabrairu 1851. Wasiƙunsa ayarin Sahara ke ɗauka zuwa Tarabulus, daga can su kama hanyar Landan, inda mai zanen taswira August Petermann ke tace su yana bugawa. Tafiyar wata da watanni ce, shi ya sa da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, jita-jitar mutuwarsa ta bazu a Turai a 1854, alhali yana raye. A Gwandu, a 1853, aka ba shi aron littafin Tarikh al-Sudan, ya kwafi sassa ya aika, aka buga a wata mujallar masana ta Jamus a 1855, Turai ta fara sanin tarihin Songhai daga rubutun 'yan ƙasa. Ya yi kuskure ya danganta littafin ga Ahmad Baba, alhali na Abdurrahman al-Sa'di ne, kuskuren kuma ya bi wasiƙar ya zauna shekaru. Barth dai ya fi yawancin takwarorinsa ambaton malamai da fataken da suka ba shi labarin hanyoyi da garuruwa, amma taswirar da ta fito sunan Bature ke kanta.

Wanda kuma wasiƙarsa ta faɗa hannun da bai dace ba, ya shiga uku. Gregor Mendel, limamin coci a garin Brno, ya buga sakamakon gwajinsa kan waken Turawa a 1866, wanda shi ne tushen ilimin gadon halitta na yau. Babban masanin da ya riƙa rubuta wa shi ne Carl Nägeli na Munich, wanda bai ga girman abin ba, ya ƙarfafa masa gwiwar komawa kan wani tsiro da sau da yawa ke yin iri ba tare da barbara ba, lissafin ya ƙi fita. Mendel ya karanta Darwin da Jamusanci har da rubutu a gefen shafi, amma babu wasiƙa ko ɗaya da aka samu tsakaninsu. Sai 1900 aka waiwayi aikinsa, shekara 16 bayan mutuwarsa.

Abin da ya rage a hannunmu ma tacewa aka yi. Francis ya ce mahaifinsa kan soke wasiƙun da aka aiko masa a jikin tsinken ƙarfe, in tsinkayen sun cika sai ya ƙone na shekarun baya don ya sami wurin sababbi. Sai daga 1862 ya soma adana su sosai. Shi ya sa nasa da ya aika suka fi tsira, don waɗanda suka karɓa sun san darajar sa hannunsa, na masu lambu da masu kiwo da suka ba shi amsa a farkon shekarun kuwa da yawa sun bi wuta ko almakashi. Da iyalinsa suka buga zaɓaɓɓun wasiƙunsa a 1887, sun cire abin da suke ganin zai sosa ran masu rai ko ya tayar da ƙura kan addini.

Cikin abin da ya ɓace har da wasiƙar Wallace ta Ternate, da ambulan ɗinta, da ainihin rubutun maƙalar. Wannan ya buɗe ƙofar zargi. An sami wata wasiƙa da Wallace ya rubuta wa Frederick Bates a farkon Maris 1858, hatimin gidan waya ya nuna ta isa Leicester ranar 3 ga Yuni. Wasu marubuta suka ce in jirgi ɗaya ya ɗauko su, to Darwin ya riƙe tasa mako biyu a ɓoye yana gyara rubutunsa, musamman kan yadda nau'i ɗaya ke rarrabuwa ya zama da yawa. A 2012 John van Wyhe da Kees Rookmaaker suka bi jadawalin jiragen wasiƙa na shekarar tasha-tasha, suka nuna cewa in takardar ta bar Ternate a jirgin 5 ga Afrilu, ranar 18 ga Yuni za ta isa Downe, daidai da abin da Darwin ya faɗa. Hujjarsu ita ce Wallace yana mayar da martani ne ga wata wasiƙar Darwin da jirgin Maris ɗin ne ya kawo ta, don haka sai jirgi na gaba zai ɗauki amsar. Mafi yawan masana tarihi sun karɓi wannan, tunda ma wasiƙar Gray ta 1857 ta riga ta ƙunshi batun rarrabuwar. 'Yan kaɗan har yau suna ja, kuma gardamar tasu duka a kan jadawalin jirgi da hatimin gidan waya take.